Tambaya kan karanto jimlolin da ke cikin fayil ɗin EXE: na kai ga jadawalin, amma shirme nake samowa

Ɗan Jekadafari, Gombe:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da 'yan'uwa, ina gaishe ku da ƙoƙari, kuma ina roƙon ku ara mini hankalinku a kan wata matsala da ta tsaya mini a rai kusan mako guda.

Kawuna dillalin hatsi ne a kasuwar Tudun Hatsi da ke nan Gombe, kuma yana da wata tsohuwar manhajar Windows da ake shigar da lissafin buhunan masara, dawa, wake da riɗi a cikinta, tare da sunan wanda ya kawo, wanda ya saya, da bashin da ya rage. Wani ne ya rubuta masa ita fiye da shekara 15 da suka wuce, an biya shi haƙƙinsa cif, sai dai bai bar asalin rubutun manhajar ba, kuma yau babu wanda ya san inda yake. Manhajar tana aiki lafiya. Aibinta ɗaya shi ne duk rubutun da ke fuskarta Turanci ne, yaran da ke zama a kanta kuwa haddace wurin maɓallai kawai suka yi, don haka duk ran da wani saƙon gargaɗi ya fito sai an kira ni a waya na fassara, ko da kuwa ina cikin aji. Kawu ya ce tunda an ce kwamfuta nake karantawa, in mayar masa da ita Hausa kafin kaka ta kama, lokacin da ciniki ke yin yawa.

Matakin farko da na ɗauka shi ne in fito da dukkan jimlolin da ke cikin fayil ɗin in jera su. Kwamfutata Linux ce a kanta, saboda haka na zauna na rubuta ɗan shiri da Python wanda ke karanta fayil ɗin bayit-bayit, kuma ina so in fahimci abin da kaina maimakon in danna maɓalli kawai.

Ga inda na kai. Bayit 2 na farko su ne 4D da 5A a ƙidayar tushe 16 (ita ce kuma ta duk lambobin da ke farawa da 0x), wato haruffan MZ. A tazarar 0x3C na karanta bayit 4, suka kai ni inda aka rubuta PE da sifili biyu a bayansa. Na tsallake goshi mai bayit 20, wato bayanan gabatarwa da ke biye da PE ɗin, na ga lambar 0x10B wadda ke nuna cewa manhajar ta bit 32 ce, sannan na karanta jadawalin sassa, na iske sashe 4: .text, .rdata, .data da .rsrc. A layin .rsrc akwai adireshi biyu, 0x5A000 da 0x56400. Ban gane dalilin biyun ba, na dai ɗauki na biyun saboda a nan ne na ga abin da ya yi kama da jadawali. Daga nan komai ya tafi daidai a wannan jadawalin da aka tsara kamar bishiya mai rassa da ganye: na sauka matakin nau'i na zaɓi lamba 6, wato jadawalin jimloli, na sauka matakin suna na zaɓi 7, na sauka matakin harshe na ga 1033, sai ga ni a ganyen ƙarshe, wanda ya ce bayanan suna a 0x5B2F0, tsawonsu kuma bayit 422.

A nan ne motar ta kafe. Da na haɗa 0x5B2F0 da farkon sashen, kamar yadda na yi a matakai ukun da suka gabata, sai na sami 0xB16F0, wato 726,768, alhali fayil ɗin gaba ɗayansa bayit 400,384 ne. Da na je 0x5B2F0 kai tsaye ba tare da haɗa komai ba, na karanto bayit 422 ɗin, amma babu harafi ko ɗaya a cikinsu, sai lambobi masu maimaita kansu kamar ɗigogin hoto. Shin fayil ɗin ne ya lalace, ko an kulle rubutun da gangan, ko kuwa ni ne na kasa gane bakin zaren? Allah Ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Injiniya daga Wunti, Bauchi:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau, babu wanda ya kulle komai, kuma ramin da ka faɗa kusan duk wanda ya taɓa karanta wannan tsarin da hannunsa ya faɗa shi, har da ni. Amsar tana cikin adireshi biyun nan da ka ce ba ka gane dalilinsu ba.

Tunda a Tudun Hatsi kake, ɗauki misalin tirela da sito. A cikin tirela ana cusa buhuna ne jikin juna don kada a yi asarar wuri, amma idan aka zo saukewa a sito, masara tana fara nata layin, wake ya fara nasa, a bar fili tsakani, har a keɓe wurin kayan da ba su iso ba tukuna. Buhunan dai su ne, amma wurin da buhu yake a tirela daban, wurin da yake a sito daban. Haka fayil ɗin EXE yake. A kan faifan ajiya an matse sassansa, galibi kowane sashe yana farawa a ninkin bayit 512. Idan Windows ta ɗora shi a ƙwaƙwalwar kwamfuta domin ya yi aiki, sai ta shimfiɗa kowane sashe a farkon sabon shafi, wato ninkin bayit 4,096, kuma ta buɗa wa sashen .data filin bayanan da ba a ajiye su a faifai ba saboda sifili ne zalla. Lambar 0x56400 ita ce wurin sashen a faifai. Lambar 0x5A000 kuwa wurinsa ne a ƙwaƙwalwa, idan aka auna daga inda aka fara shimfiɗa manhajar, kuma irin wannan adireshin ne ake kira RVA.

To, abin da ke ruɗarwa a bishiyar kayan rakiya, wato tambura, menu, akwatunan tattaunawa da jimloli, shi ne ba da ma'auni ɗaya aka auna duk lambobinta ba. Lambobin da ke kai ka daga reshe zuwa reshe an auna su ne daga farkon bishiyar kanta, shi ya sa haɗa su da 0x56400 ya yi maka aiki sau uku, har ka saba. Amma lambar da ke cikin ganyen ƙarshe RVA ce cikakkiya. Ba daga farkon sashe aka auna ta ba, ba kuma daga farkon fayil ba. Gwajinka na farko ya auna ta daga farkon sashe, na biyu ya auna ta daga farkon fayil, kuma dukkansu sun saɓa.

Lissafin da za ka yi shi ne ka nemo sashen da RVA ɗin ta faɗa cikinsa, ka cire adireshin sashen na ƙwaƙwalwa, sannan ka ƙara adireshinsa na faifai. Idan ka cire 0x5A000 daga 0x5B2F0 saura 0x12F0, idan ka ƙara 0x56400 ka sami 0x576F0. A nan jimlolinka suke. Gwajinka na biyu ya zarce su da 0x3C00, wato bayit 15,360, shi ya sa ka faɗa tsakiyar wani hoto. Ka mayar da wannan lissafin ya zama aiki guda mai zaman kansa a cikin shirinka, domin za ka buƙace shi a kowane jadawali na fayil ɗin, ba wannan kaɗai ba. Kuma ka sani akwai fayilolin da aka harhaɗa ta yadda adireshin biyu suke zuwa ɗaya a sassan farko, saboda haka shiri mai wannan kuskuren yakan yi aiki a fayil goma, sai a na sha ɗaya asirinsa ya tonu.

Bayan wannan, akwai abubuwan da na lura da su a bayaninka waɗanda yau sun yi maka aiki bisa sa'a ne kawai. Ka nemo bishiyar ne ta sunan sashe, alhali sunan .rsrc al'ada ce kawai, mai harhaɗa manhaja yana iya kiransa duk abin da ya ga dama. Hanyar da Windows ke bi ita ce jerin gurabe 16 da ke ƙarshen babban goshi, wato wanda ya fara da lambar 0x10B ɗin nan, kowane gurbi bayit 8, RVA da tsawo. Jerin yana farawa a bayit na 96 na wannan goshin idan lambar 0x10B ce, ko na 112 idan 0x20B ce, wato manhajar bit 64. Gurbin farko na ayyukan da fayil ke bayarwa ne, na biyu na waɗanda yake arowa daga wasu fayiloli, na uku shi ne na kayan rakiya. Gurbi na biyar, na sa hannun dijital, shi ne saniyar ware: lambarsa tazara ce a faifai kai tsaye, ba RVA ba, saboda ba a ɗora wannan ɓangaren a ƙwaƙwalwa. Haka nan kada ka ɗauka babban goshin kullum bayit 224 ne. Tsawonsa a rubuce yake a cikin goshin nan mai bayit 20 da ka tsallake, sai ka karanta shi daga can.

A cikin bishiyar kuma, kowane reshe yana da kai mai bayit 16, wanda bayit 4 ɗinsa na ƙarshe suke faɗin yawan gurabe masu suna da yawan masu lamba, kuma jimillar biyun za ka karanta. A kowane gurbi, idan bit na ƙoli, wato mafi girman daraja, na lambar farko a kunne yake, to suna ne ba lamba ba. Idan na lamba ta biyu ne a kunne, to wani reshen ne ba ganye ba. Ka hana shirinka sauka fiye da mataki 3, domin lalataccen fayil, ko wanda aka ƙera da mugun nufi, yana iya sa reshe ya nuna kansa, shirinka ya yi ta zagaye har kwamfutar ta cije.

Idan kana mamakin tarkacen da ke farkon fayil ɗin, gado ne. Tsarin PE ya zo da Windows NT 3.1 a 1993, an gina shi a kan tsarin COFF na Unix, amma aka bar tsohon goshin MS-DOS a gabansa, kuma MZ ɗin nan haruffan farko ne na sunan Mark Zbikowski, injiniyan Microsoft da ya yi aikin MS-DOS.

Mai gyara a Bolari, Gombe:

Ranka ya daɗe Injiniya, bayaninka ya gamsar, sai dai ni a ganina ɗan'uwanmu yana sassaƙa turmi ne alhali akwai injin niƙa a bakin layi. Idan buƙatar ita ce Kawu ya sami manhajarsa kafin kaka, Resource Hacker kyauta ce, tana buɗe fayil ɗin ta nuna menu da akwatuna da jimloli, a gyara a adana a zama ɗaya. Ko 7-Zip ma yana buɗe EXE ya nuna sassansa tamkar jakunkunan fayil. Wanda kuma ya nace sai Python, akwai pefile, shiryayyen kayan aiki na Python, wadda ta riga ta yi duk wannan lissafin.

Abin da zan ƙara daga abin da ke zuwa shagona shi ne, kafin ka ɓata dare, ka tabbatar da irin manhajar da ke gabanka, domin ba kowace ce ke ajiye rubutunta a inda kake nema ba. Idan ka ga sassa masu suna UPX0 da UPX1, to an matse ta ne, sai an warware ta tukuna. Idan tana aron ayyuka daga fayil ɗin MSVBVM60.DLL, da harshen Visual Basic 6 aka rubuta ta, kuma rubutun fuskarta ba ya cikin bishiyar kayan rakiya. Idan Delphi ce, fuskokin suna ƙarƙashin nau'i na 10, kowanne yana farawa da haruffan TPF0. Idan kuma mscoree.dll take aro, to ta .NET ce, nata jadawalan daban ne gaba ɗaya.

Sannan don Allah kada ka taɓa ainihin fayil ɗin da ke kwamfutar Kawu. Ka kwafe shi tare da fayilolin lissafin a filashi biyu, ɗaya a hannunka ɗaya a gida. An taɓa kawo mini kwamfutar wani ɗan kasuwa bayan wani yaro ya yi wa manhajarsa irin wannan tiyatar ba tare da kwafi ba, kuma ban iya yi masa komai ba sai jaje.

Ɗan Jekadafari, Gombe:

Yaya Injiniya, Allah Ya ƙara ilimi. Na je 0x576F0, kuma ga abin da na fara gani bayan wasu sifilai: 04 00 42 00 61 00 67 00 73 00. Ko ban tambaya ba na gane B da a da g da s, kalmar da ke saman layin buhuna a manhajar. Sai da na tashi na zagaya ɗakin don murna.

Malam na Bolari, na karɓi shawararka ta kwafi, na riga na yi. Na kuma saka pefile, amma a matsayin alƙali: duk abin da shirina ya fitar sai na gwada shi da nata, idan sun saɓa na san laifina ne. Gyaran kansa da Resource Hacker zan yi shi a kwamfutar wani abokina, ba ni da niyyar sake gina sashen da hannu.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Na zaci kowace jimla tana da nata ganyen, amma a wannan ganye mai lamba 7 na iske jimloli da yawa a manne da juna, babu sifilin da ke raba su kamar yadda na saba gani a harshen C, a wasu wuraren kuma sai sifilai su yi jere babu rubutu. Ta yaya manhajar ke sanin wacce ce wacce? Tambaya ta biyu kuma, wadda ta fi damuna: idan na rubuta ƙ da ɗ da ɓ, za su fito a fuskar manhajar kuwa? Kawu mutum ne mai kula da wannan, ya sha faɗa mini cewa baki da baƙi ba sa ruɗa shi, amma wanda ya rubuta masa kari a wurin ƙari bai iya rubutu ba.

Malamar Yelwa, Bauchi:

Ɗana, sannu da ƙoƙari, kuma ka gaishe da Kawun naka, domin yana da gaskiya.

Jadawalin jimloli ba ɗaya-ɗaya ake ajiye shi ba, ƙunshi-ƙunshi ne, kowane ƙunshi jimla 16 daidai. Lambar da ka gani a matakin suna ta ƙunshin ce. Idan manhaja ta nemi jimla mai lamba 101, sai Windows ta raba 101 da 16, ta sami 6 da ragowar 5. Ta ƙara 1 a kan 6 ta sami ƙunshi na 7, sannan ta tsallake jimla 5 a cikinsa ta ɗauki ta gaba. Ƙunshinka na 7 ke nan yana ɗauke da jimloli daga lamba 96 zuwa 111. Kowace jimla tana farawa da bayit 2 masu faɗin yawan haruffanta, ƙaramin bayit a gaba, sannan haruffan su biyo baya a tsarin UTF-16, bayit 2 kowanne. Wannan 04 00 da ka gani kafin B shi ne tsawon, kuma shi ne ya ɗauke wa sifilin ƙarshe aiki. Inda babu jimla a wata lamba, ana rubuta tsawon sifili ne kawai, 00 00, don ƙidayar ta ci gaba da tafiya daidai. Saboda haka shirinka zai zagaya sau 16 ba ƙari ba ragi: ya karanta tsawo, ya karanta ninkinsa biyu na bayit, ya matsa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a manta da ninkawar.

Yayin fassara ka kiyaye wasu alamomi da ba rubutu ba ne. Duk inda ka ga %s ko %d, gurbi ne da manhajar za ta cike da suna ko lamba, kuma dole su zauna da yawansu da jerinsu kamar yadda suke, ko da tsarin jimlar Hausa ya so a juya su. Idan ka musanya su, manhajar tana iya ɗaukar lamba a matsayin adireshin rubutu ta rufe kanta a tsakiyar ciniki. Alamar & kuma tana nuna harafin da za a ja wa layi domin gajeriyar hanyar allon rubutu.

Batun 1033 kuwa, lambar Turancin Amurka ce. Hausar Nijeriya a rubutun boko tana da tata lambar a Windows, 1128, wato 0x0468. Abin da ya fi tsafta a ido shi ne ka ƙara reshen 1128 kusa da na 1033, amma idan ka yi haka a kwamfutar da Windows ɗinta ke Turanci, na Turancin za ta ci gaba da zaɓa, aikinka ya zauna a ɓoye. A wannan yanayin ni dai zan maye gurbin rubutun da ke ƙarƙashin 1033 ne kawai, ko da yake ran malamar harshe ba ya son ganin Hausa da tambarin wani harshe a goshinta.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda amsarta ba ta cikin bishiyar kayan rakiya ko kaɗan. Ajiye haruffan ba matsala ba ce, tunda UTF-16 ne: ƙ ita ce U+0199, za ka gan ta a fayil a matsayin 99 01, ɗ ita ce U+0257, ɓ kuma U+0253. Matsalar tana wajen fitowa. Yawancin ayyukan Windows masu hulɗa da rubutu tagwaye ne, ɗaya sunansa yana ƙarewa da W, ɗayan da A. Mai W yana miƙa rubutun yadda yake. Mai A kuwa sai ya mayar da shi tsohon tsarin bayit ɗaya-ɗaya, wanda a Windows ta Turanci shi ne 1252, kuma babu ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsa, don haka abin da zai fito ko dai alamar tambaya ce ko wani harafin da aka ga ya yi kama.

Hanyar sanin wanne manhajar Kawu ke kira ita ce ka karanta jadawalin aro, gurbi na biyu da Injiniya ya ambata. Jerin bayanai ne masu bayit 20 kowanne, ɗaya ga kowane fayil ɗin DLL da manhajar ke aron ayyuka daga gare shi, kuma jerin yana ƙarewa da wanda duk bayit ɗinsa sifili ne. A kowanne, lambar da ke bayit na 12 RVA ce ta sunan DLL ɗin, lambar farko kuma RVA ce ta jerin ayyukan da aka aro, bayit 4 kowanne a manhajar bit 32. Idan bit na ƙoli a kashe yake, lambar tana kai ka ga bayit 2 na manuni sannan sunan aikin. Idan a kunne yake, da lamba aka aro aikin, babu suna. Duk waɗannan RVA ne, don haka lissafin da ka koya jiya shi za ka yi ta maimaitawa.

Ko da sakamakon ya nuna A, kada ka yanke ƙauna daga menu da akwatunan tattaunawa, nau'i na 4 da na 5, domin su Windows ce ke karanta su daga fayil ɗin da kanta, ba sai sun bi ta hannun manhajar ba. Ka gwada su dabam. Ka kuma duba sunan salon rubutun da ke cikin kowane akwati, domin tsofaffin manhajoji sun fi amfani da MS Sans Serif, wanda ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, alhali Segoe UI yana da su.

Ɗan Jekadafari, Gombe:

Malama, Allah Ya saka da alheri, Kawu yana amsawa. Jimlolin sun fito tsaf da lambobinsu, kuma na karanta jadawalin aron. Fayil na farko a jerin shi ne MFC42.DLL, kuma duk ayyukan da aka aro daga gare shi bit ɗinsu na ƙoli a kunne yake, lambobi ne zalla, da ba ki faɗa ba da na sake zaton fayil ɗin ya lalace. A ƙarƙashin USER32.dll kuwa na ga SendMessageA da LoadIconA, babu mai W ko ɗaya. Na gwada a kwafin: menu ya nuna Ƙidaya da lanƙwasarta, amma jimlolin da suka fito daga jadawali ba su tsira da tasu ba. Saboda haka a jadawalin ina zaɓar kalmomin da ba su da waɗannan haruffan duk inda hakan zai yiwu ba tare da an murɗe ma'ana ba.

Abin da ya ba ni dariya da takaici lokaci guda shi ne, saƙonnin gargaɗin nan da ake kirana a waya saboda su, waɗanda su ne silar aikin gaba ɗaya, ba sa cikin jadawalin jimloli sam. Na same su a sashen .data, harafi ɗaya bayit ɗaya, kowanne da sifilinsa a ƙarshe. Da alama marubucin ya zuba su ne kai tsaye a cikin rubutun manhajar. Yaya Injiniya, waɗannan fa?

Injiniya daga Wunti, Bauchi:

Waɗannan ba su da jadawalin da ke nuna su, adireshinsu a dashe yake a cikin umarnin manhajar da ke sashen .text, saboda haka ba za ka iya matsar da su ko tsawaita su yadda ka ga dama ba. Za ka rubuta fassarar ne a daidai wurin tsohuwar, tsawonta daidai da ita ko ƙasa da haka, ka rufe da sifili. Wani lokaci akan sami ragowar sifili ɗaya zuwa uku a bayan jimla saboda an daidaita ta gaba a ninkin 4, amma kada ka ci wannan filin sai ka duba da idonka ka tabbatar ciko ne, ba farkon wani bayani ba, kuma ko yaya ne dole sifili ɗaya ya rage. Fayil ɗinku ba na jin yana da sa hannun dijital, amma ka leƙa gurbi na biyar ka gani, domin duk wanda ke da shi gyaran bayit ɗaya ya isa ya rushe shi.

Ɗan Jekadafari, Gombe:

Gurbi na biyar sifili ne, Yaya. Na fara da saƙon da ya fi fitowa, wanda ke cewa Not enough stock, harafi 16 idan aka haɗa da tazara. Na rubuta "Kaya ba su isa ba", na ƙirga, 17, ya haura da ɗaya. Akwai ragowar sifilai a bayansa, amma ban so in fara da cin iyaka ba, sai na kira Kawu na karanta masa. Ya ce ai shi a bakin sito ba ya ce wa kowa ba su isa ba, "kaya bai isa ba" yake cewa. Na ƙirga wannan, 15, ya shiga har da sauran wuri. Saura saƙo 22, kuma gobe in Allah Ya kai mu zan tafi kasuwar da takarda mu zauna da shi mu bi su ɗaya bayan ɗaya.